Kwana uku cikin masu hidimar biki a Sirinagar

A shekarata ta biyu ta karatu a Indiya, abokin ɗakina, wanda ɗan asalin Kashmir ne, ya gayyace ni bikin auren yayarsa a tsohon garin Sirinagar, cikin watan Satumba, lokacin da bukukuwa ke yawaita a kwarin Kashmir kafin sanyi ya sauko. Na tafi ne a matsayin baƙo, amma da na isa na tarar da samarin unguwa suna kafa rumfa a filin da ke bayan gidan, sai na ji ba zan iya naɗe hannu ina kallo ba. Na roƙi mahaifin abokina ya bar ni in shiga cikinsu. Da farko ya ƙi, domin nauyi ne a wurinsu a ga baƙo yana aiki, sai da abokina ya sa baki sannan ya damƙa ni a hannun wani dattijo maƙwabcinsu, wanda shi ke raba wa matasa aiki a duk bikin da ya tashi a unguwar.

Ashe hannu iri biyu ne ke ɗauke da bikin Kashmir. Akwai masu dafa abinci, waɗanda ake kira waza, kuma su sana'a suke yi da suka gada kaka da kakanni, ana biyan su, suna ƙarƙashin babbansu da ake ce wa wasta waza. Su ke haɗa wazwan, walimar nama wadda a cikakkiyar sigarta takan kai kala 36, ko da yake a gidan da na je ba a kai haka ba. Sai kuma maƙwabta da dangi, waɗanda ba sa karɓar ko sisi, kuma duk abin da ba dahuwa ba ne a wuyansu yake: kafa rumfa, shimfiɗa darduma, jigilar itace, tarbar baƙi, jera takalma, ɗaukar faranti, zuba ruwan wanke hannu, da share wuri bayan an watse. Ba a aika wa kowa takardar gayyata a kan wannan aiki. Da zarar an ga an sauke itace a ƙofar gida, kowa ya san lokaci ya yi, kamar yadda aikin gayya yake a ƙauyukanmu.

Daren farko aikina jigilar itace ne zuwa wurin da wazawa suka jera wuta a layi guda mai tsawo, suka ɗora tukwanen jan ƙarfe a kai. A gefe wasu daga cikinsu na zaune suna dukan naman rago a kan dutse da guduma ta katako, suna cire jijiya ɗaya bayan ɗaya, har naman ya yi laushi kamar ƙulli. Da wannan nama ake mulmula curin nama iri biyu, rista da gushtaba, kuma dole a dake shi da ɗuminsa jim kaɗan bayan yanka, shi ya sa aikin ke cin dare. A cikin gida mata maƙwabta sun riga sun kwana biyu suna tsince shinkafa, suna ɓare tafarnuwa da wata ƙaramar albasa ta yankin da ake kira pran, suna rera waƙoƙin biki da ake ce wa wanwun. Ban shiga wajensu ba, amma ina jin muryoyinsu har asuba, kuma abokina ya gaya mini cewa wasu daga cikin matan nan su ne suka tsince shinkafar bikin mahaifiyarsa.

Ranar walima dattijon ya ba ni tash-nari, wato buta da daro na jan ƙarfe da ake zagayawa da su baƙi su wanke hannu a inda suke zaune. A ido aikin ba shi da wuya. Sai da na fara na gane cewa dole mutum ya sunkuya a gaban kowane baƙo, ya zuba ruwa daidai gwargwado don kada ya fantsama a kan farin ƙyallen da aka shimfiɗa, ya lura da nauyin daron ya fita ya zubar kafin ya cika, sannan ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya ba tare da ya tsallake kowa ba. Kafin in gama layi biyu bayana ya riƙe. Duk da haka, a cikin ayyukan da na yi babu wanda ya shiga raina kamar wannan, domin na ga yadda tsofaffi ke ɗago kai su dubi mai zuba ruwan, su gane ɗan wane ne, su tambayi lafiyar iyayensa, su sa masa albarka. Ni da ba su sani ba sai su tambayi ƙasata, kuma da sun ji Musulmi ne daga Najeriya sai fuskarsu ta saki.

Kuskurena ya faru ne wajen zaunar da mutane. Ana cin wazwan ne mutum huɗu huɗu a kan babban faranti guda mai suna tarami, wanda ake kawowa a rufe da murfi, an tula shinkafa an raba ta da tsiren kabab, an jera soyayyen haƙarƙari da kaza a kai. Ba a ajiye faranti sai an cika huɗu. Na ga wasu mutum uku suna jira, na kuma ga wani mutum shi kaɗai a tsaye bakin rumfa, sai na kama hannunsa na kai shi wurinsu, ina ganin na yi dabara. Dattijon nan ya hango daga nesa, ya taho a natse, ya raɗa wa mutumin wata magana kamar ana nemansa a wani wuri, ya janye shi, ya turo wani a madadinsa. Daga baya ya bayyana mini ta bakin abokina cewa akwai tsohuwar rigimar fili tsakanin mutumin da ɗaya daga cikin ukun, kuma da an bar su sun sa hannu a faranti ɗaya, ɗayansu zai tashi bai ci ba, abin kuma ya zama abin magana a kan masu gida. Bai yi mini faɗa ba, amma daga nan ya ce duk wanda zan zaunar in fara duban fuskarsa tukuna.

Wannan ne ya sa na fahimci abin da maƙwabci ke kawowa wurin biki wanda ba a samun sa da kuɗi. Shi ya san wanda ba ya ga maciji da wane, ya san tsohon da gwiwarsa ba ta barinsa zama mai tsawo a ƙasa, ya san mai ciwon suga da ba zai iya jira har la'asar ba, ya san talakan da kunya za ta hana shi shigowa sai an fita an jawo shi. Saboda akwai irin waɗannan mutane ne mahaifin amarya ya samu damar tsayawa a ƙofa yana gaisawa da baƙinsa hankali kwance, maimakon ya riƙa kai da komo tsakanin tukwane da rumfa.

Bayan an buɗe farantai da bisimilla, wazawa ne da kansu ke zagayawa da tukwane suna zuba kala bayan kala, mu kuma muna biye da ruwan sha da kindirmo da ƙarin shinkafa. Gushtaba, wato curin nama a cikin miyar kindirmo, ita ke zuwa a ƙarshe, kuma da an gan ta kowa ya san an kammala. Naman ya fi ƙarfin cikin mutum huɗu, don haka ake raba jakunkuna kowa ya ƙulle rabonsa ya kai gida, ba kuma abin kunya ba ne. Tawagar ango ba ta iso ba sai da dare ya yi nisa, aka sake sabon zagaye da ya fi na rana ƙawa. Mu masu hidima ba mu zauna ba sai bayan ƙarfe ɗaya na dare, mu ma huɗu huɗu, mahaifin amarya kuma ya tsaya a kanmu da kansa har muka ƙoshi, sannan aka zubo mana shayin kahwa mai za'afaran daga samawar, wato babbar butar dafa shayi.

A wannan zaman ne na ji damuwar dattijon. Tsadar biki ta yi yawa a Kashmir, har a shekarar 2017 gwamnatin Jammu da Kashmir ta fitar da umarnin taƙaita baƙi zuwa 500 a auren 'ya mace da 400 a auren ɗa namiji, ta kuma taƙaita kalolin nama zuwa bakwai. Sai dai shi abin da ya fi ci masa rai wani ne daban: gidaje da yawa sun koma kama zauren biki da ɗaukar ma'aikatan haya masu kaya iri ɗaya, samarin unguwa kuma suna zuwa a matsayin baƙi, su ci su tafi. Ban ga laifin iyalin da 'ya'yansu suka watsu neman aiki a Delhi ko Dubai ba idan suka ɗauki ma'aikata, domin ba su da zaɓi. Amma na yarda da shi cewa yaron da bai taɓa sunkuyawa ya zuba wa dattawan unguwarsu ruwa ba zai girma bai san su ba, su ma ba su san shi ba, kuma ranar da rasuwa ta faɗo gidansu waɗannan hannuwan ne dai za a nema.

Washegari da safe, lokacin da gidan ke barcin gajiya, mu takwas muka fito muka naɗe dardumai, muka kwance rumfa, muka ƙirga farantai da murafensu ɗaya bayan ɗaya kafin a mayar wa masu su. Murfi guda ya ɓace, muka shafe kusan awa ɗaya muna nema, sai can aka same shi a gidan wata tsohuwa maƙwabciya da ba ta iya fitowa, wadda dattijon ya aika mata da abincinta tun kafin a zaunar da baƙon farko.