Ogzileri ta cinye min albashin wata uku

Ƙannena masu shigowa harkar tuƙi, musamman ku da ake damƙa wa Hilux ko Land Cruiser ace ku shiga daji da ita, ku matso in baku labarin wautar da na tafka, dan har yau in na tuna sai inji kunya ta rufeni. Wannan ƴar ƙaramar giyar dake gefen babbar, wadda muke cewa ogzileri wasu kuma suce fowil, mai sa tayoyi huɗu duka su ja, na kusa shekara ina jan mota da ita ban san aikinta ba, kuma girman kai ya hanani tambaya dan kar ace sabon hannu ne.

Lokacin ina tuƙa wa wani Alhaji a Gashuwa, mai harkar ƙaro da riɗi, muna shiga ƙauyukan Yusufari har wajen Tulo-Tulo. Wanda ya san yankin ya san abinda nake faɗa, yashi ne tudu bayan tudu, kana sauka daga kwalta shikenan sai sawun motar da ta rigaka, in iska ta taso ma sawun ya ɓace. Motar tsohuwar Hilux ce mai dizil, giyar hannu, a kan ƴar sandar an rubuta H2, H4, N da L4, wato H2 tayoyin baya kaɗai ke ja, H4 duka huɗun, L4 ma huɗun amma a hankali da ƙarfi. Ni dai abinda na ɗauka kawai shine in mota ta kafe sai ka ja sandar nan ta fita.

Ranar farko da na kafe kuwa na ja ta zuwa H4, fitila ta kama a dashbod, na taka totur, tayoyin baya suka dinga haƙa rami suna watso yashi, na gaba kuma ko motsi. Na sake takawa, na sake, har cikin motar ya zauna a ƙasa. Muna nan rana ta take, yaron motata yana ta haƙa da hannu dan ko shebur bamu ɗauko ba, sai ga wani dattijo da tsohuwar Land Cruiser ɗauke da buhunan kanwa. Ya tsaya ya sauko, bai ma kalli injin ba, ya tsuguna gaban tayar gaba yace "kai yaro, waye ya koya maka mota?" Nace Baba lafiya? Ya nuna min wani ɗan murfi a tsakiyar tayar, gefe ɗaya an rubuta FREE ɗayan LOCK, ya murɗa shi da yatsu biyu, ya zagaya ɗaya tayar ya murɗa. Ashe hob ɗin, wato murafan nan masu haɗa tayoyin gaba da giya, a buɗe suke. Ka ja sanda dai, farfelar gaba, ƙarfen dake kai ƙarfin inji wajen tayoyin gaba, tana juyawa, amma tayoyin basu haɗu da ita ba, fitilar dashbod kuma sandar kawai take gani bata san halin da hob yake ciki ba. Sannan ya ɗauki ɗan tsinke ya rage iskar tayoyin huɗu har suka yi ɗan ciki, muka yashe gabansu, yace sa L4, giya ta biyu, kar ka taka da ƙarfi. Wallahi motar ta fito kamar ba ita ba. Na ciro kuɗi yaƙi karɓa, yace in saya wa motar shebur.

Daga baya na gane iskar da ya rage ita tayi rabin aikin. A yashi mai laushi ina sauke ta zuwa wajen 18 ko 20 a geji, tayar sai ta shimfiɗu ta hau kan yashin maimakon ta nutse. Amma fa kana dawowa kwalta ka nemi mai faci ka mayar, in ka yi gudu da ita a haka zafi zai cinye gefenta.

To daga nan sai na koma ɗaya ɓangaren na wauta, wai ni na gano sirri. Na bar hob a LOCK kullum, wannan ba wani babban laifi bane sai ɗan ƙarin shan mai, amma sai na ɗauki wata ɗabi'a, in shiga yashi a H2 dan tsimin mai, sai naji bayan motar ya fara wulwula sannan in fizgi sandar. Duk lokacin sai kaji ƙarar ƙarfe gau! motar ta zabura. Ni a tunanina ƙarfi ne ya shigo. Ashe haƙoran giya nake gwarawa, tayoyin baya suna juyawa da gudu na gaba kusan a tsaye, ka haɗa su lokaci ɗaya, ai kaga dole wani abu ya sha dukan. Ogzileri ana sa ta ne tun kana kan ƙasa mai ƙarfi, kana hango yashin ko lakar a gabanka, sitiyari a miƙe, ka ɗaga ƙafa daga totur ka ja a hankali. A tsofaffin nan in hob na LOCK zaka iya shiga H4 mota na tafiya in gudunka bai wuce kilomita 80 ba, sababbin masu maɓallin murɗawa littafinsu yace ƙasa da 100, ni dai ban taɓa ganin dalilin da zai sa mutum ya kai haka a bakin yashi ba. In kuma ka riga ka makara taya ta fara wulwula, tsaya cak tukuna.

L4 kuwa ba a shigarta a guje ko kaɗan. Ka tsaya, ka taka kuloci, in otomatik ce ka sa ta a N. Ita tana rage gudun ne kusan ninki biyu da rabi ta mayar da shi ƙarfi, ta hawan tudu ce da kaya, ko gangara mai tsauri, ko janyo wata motar. Na taɓa gwada ta mota na gangarawa, ƙarar da naji ta isheni wa'azi.

Amma wadda ta kwantar dani ita ce ta kwalta. Wata ranar kasuwa mun fito daga daji da yamma liƙis, mota cike da buhuna, Alhaji yana ta kira wai lallai kayan su kwana a Potiskum. Na hau kwalta na manta sandar tana H4. A miƙaƙƙiyar hanya ba zaka ji komai ba sosai, sai ɗan gurnani daga ƙasa, ni kuma na ɗora laifin akan lodi. Sai da na zo shiga gidan mai na karya kwana sosai naji sitiyari yayi tauri, tayoyin gaba suna ɗan tsalle suna kuka, motar kamar wani ya riƙe ta ta baya. Nan na tuna. Na kama sandar in mayar H2 taƙi, na sa hannu biyu taƙi, har ƙafa na sa ina tokara, Allah ya shirye ni. Da taƙi sai nace to bari in ƙarasa a haka ai saura kaɗan. Ban yi nisa ba a wata kwanar naji kwas, sai ƙarfe na dukan cikin mota.

Bakaniken da ya duba da safe, dattijo ne mai haƙuri, shi ya zaunar dani akan benci ya fahimtar dani. Yace ka taɓa ganin shanun huɗa in sun zo ƙarshen kunya zasu juya? na waje dole ya ƙara taku, na ciki ya rage. Haka mota take, a kwana tayoyin gaba suna zagaye mai faɗi fiye da na baya, dan haka dole su fi su juyawa. To ita irin wannan motar in ka sa H4 ka ɗaure farfelar gaba da ta baya wuri ɗaya, babu abinda zai raba musu gardama a tsakiya. A yashi ko laka ba matsala, taya zata ɗan zame ta sauke nauyin ba tare da ka sani ba. A kwalta kuwa taya ta kama ƙasa gam, sai abin ya dinga taruwa a cikin ƙarafan kamar ana matse wanki, shi yasa sandar ta ƙi fita, haƙoran sun cije juna. Yace da ka yi ribas kaɗan a miƙe, ko ka sauke tayoyin gefe ɗaya kan ƙasa a bakin titi, da yatsa biyu zaka mayar da ita. Taku goma na ribas, jama'a. Kuros ɗin farfelar gaba, wato mahaɗinta, ya ɓalle, tiransifa, akwatin giyar ogzileri, ta tsage tana zubar da mai, tayoyin gaba sun cinye ta gefe. Alhaji bai kore ni ba, bai ma ɗaga murya ba, cewa yayi "ai tunda kai ka iya, sai mu raba kuɗin gyaran." Nace ranka ya daɗe na gode. Rabon nawa ne ya tashi albashin wata uku, lokacin ina tara kuɗin lefe.

Wani zai ce to ai ga Prado da manyan Land Cruiser suna yawo a gari da tayoyi huɗu duk suna ja. Eh, su ginin su daban ne, suna da difarensha a tsakiya dake barin gaba da baya kowa ya juya yadda kwana ta buƙata. Amma su ma akwai maɓallin kulle ta, in ka danna ka hau kwalta ka manta ka dawo layina. Dan haka duk motar da aka baka, kafin ka tada ta ka tambaya wace iri ce, ka tsuguna ka duba ko tana da hob na hannu, wasu basu da shi suna haɗawa da kansu. Ka kuma duba tayoyin, in na gaba da na baya ba girmansu ɗaya ba, wannan murɗewar zata faru ko a miƙe kake tafiya, kuma mu nan mun iya haɗa taya kala kala saboda tsada.

Abu ɗaya da damina ta ƙara koya min a fadamun wajen Nguru, fowil tana taimaka maka ka tafi ne kawai, bata ƙara maka birki. Ka ji mota ta kama laka tana tafiya daram sai zuciya ta ɗebeka ka ƙara wuta, ka zo tsayawa ta wuce da kai kamar kowace mota. Nan ma na taɓa sumbatar wata bishiyar giginya, amma a hankali, fitila ɗaya ce ta tafi.

Masu Hilux na ofis da basa barin gari kuma, ku ma kuna da naku. Kar ku bar ogzileri ta shekara ba a taɓa ta ba. Littafin motar cewa yayi a yi tafiyar kamar kilomita 16 da ita duk wata dan mai ya zagaya kayan gaba. Ni ranar Juma'a ta farkon wata nake yi, bayan an sauko masallaci in bi hanyar gonarmu da ita in dawo, ina isowa bakin kwalta in tsaya in mayar H2, in yi ɗan ribas, sai naga fitilar ta mutu sannan in hau. Yaron da nake koya wa yanzu dariya yake min wai Oga kamar mai alwala. Jiya na bashi makulli muka fita ta yashin bayan gari, muna dawowa ya hau kwalta sandar na H4 zai wuce abinsa, na bar shi har ya karya kwanar farko sitiyarin ya cije a hannunsa, sannan nace to sauka ka faɗa min me kaji.