Tsarabar labanda

Talata. Tun da hantsi gidan Inna na unguwar Birni a Damagaram ya cika da ƴan sannu da zuwa, alhali ko gajiyar motar Yamai ban warware ba. Kusan kilomita 900 a zaune, ƙafafuna har yanzu a kumbure suke. Abba da Ummi kuwa ko a jikinsu, suna zaure suna yi wa ƴan'uwansu burga da hotuna.

Bayan azahar Gwaggo Hajara ta shigo. Na ɗauko mata tsarabarta, ƴar jakar ƙyalle cike da busasshen furen labanda da ƙaramar kwalbar mansa. Ta kai hanci, ta ja numfashi, sannan ta ce, "Ɗiyata, wannan ai ƙamshin sabulun goge ɗaki ne. Tun daga Faransa kika ɗauko mini shi?" Mata suka kwashe da dariya. Na san Gwaggo, ba da mugunta ta faɗa ba, ta ma sa mini albarka ta jefa a jakarta. Amma maganar ta tsaya mini a rai, ga shi dare ya raba ina juya ta.

Abin da ya fi cin raina shi ne hancinta bai yi ƙarya ba. Matar da ta zagaya da mu gonarsu a Valensole, can kudancin Faransa, ta faɗa mana da bakinta. Labanda ta asali can kan tsaunuka ake noma ta, wajen su Sault, ita ce masu haɗa turare mai tsada suke saye. Wadda ta rufe tudun Valensole yawancinta labanden ce, irin da aka samu daga barbarar iri biyu. Ta fi ba da mai sosai, ƙamshinta ya fi ƙarfi, da ɗan kafur a ciki, kuma sabulu da garin wanki da ruwan goge ɗaki take tafiya. Ita na sayo, don ita na gani a tsaye da idona.

Sai dai ni ba sabulu nake ji ba in na shinshina. Ranar nake ji. Yaya Sani ya ɗauke mu daga Marsai bayan asuba, farkon watan Yuli, lokacin da furen ya cika kafin a fara yanka. Muna hawa tudun sai ga kunyoyi shunayya a jere har inda ido ya ƙare, gefe guda gonakin alkama, ƙudan zuma kuwa sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Ummi ta maƙale a zanena don tsoro. Inna, wadda ta yi ta mitar gwiwa tun a mota, ta sauka ba ta nemi hannun kowa ba.

Ba ta damu da hoto ba. Durƙusawa ta yi ta damƙi ƙasar, ta ga duk tsakuwa ce, ta ce in tambayi matar wa yake yi musu ban ruwa. Matar ta ce yawanci ruwan sama kawai, itacen ba ya son jiƙa, in ruwa ya kwanta masa saiwar ruɓewa take yi. Shekara nawa yake yi? Wajen goma, sannan a tumɓuke a shuka wani abu ƙasa ta huta. Me yake cin sa? Nan matar ta canza fuska, ta nuna mana wani layi da ya bushe ƙurmus, ta ce wani ɗan ƙwaro ne yake yaɗa cuta, ga fari kuma yana ƙaruwa. Inna ta girgiza kai ta ce, "Ƙudujinsu ke nan." Sun fi rabin awa a tsaye, ni ina tsakiya ina fassara, har matar ta kai mu rumfar da suke turara furen a manyan tukwane, tururi ya kwashi man, ya huce, man ya taso saman ruwa. Da Abba ya miƙa hannu zai tsinki reshe, Inna ce ta fara yi masa tsawa: "Kai, gonar mutane ce!"

Duk wannan na so in ba Gwaggo. Na miƙa mata waya, ta duba hoto biyu ta ce, "Masha Allah. Duk wannan fili, kuma ba a ci?" Daga nan hira ta koma kan ruwan da ya yi jinkiri a wajen Mirya da kuɗin tiyar gero. Na dubi Inna ko za ta ce wani abu, ita da ta fi kowa jin daɗin ranar. Ba ta ce uffan ba, goro take ɓarawa.

Sai bayan magariba, ina naɗe tabarmi, na ce, "Inna, me ya sa ba ku ba ta labari ba?" Ta ce, "Hajara gonarta ba ta tsiro ba bana, sau biyu tana shuka. Da wane baki zan ba ta labarin gonar fure?" Ban sani ba, babu wanda ya faɗa mini. Yanzu takaicin ya zama biyu: ina jin tausayin Gwaggo, kuma ina jin ciwon cewa ranar da na ga Inna ta manta da gwiwarta ba za ta faɗu a tsakar gidan nan ba. Ban kuma tabbata Inna za ta sake irin wannan tafiya ba.

Famfo shiru tun jiya, sai ƴan garuwa. Hadari ya taso daga gabas, iska ta watsa shi.

Gobe in Allah ya kai mu zan shiga Kasuwar Dole da sauran man, Inna tana so mai haɗa mana humra ta gwada ɗigo kaɗan mu ji. Daga can in biya gidan Gwaggo. Inna ta ce in auna mata tiya biyu daga geron bara.