Wurin karatu a ɗakin haya na Legas: haske, iska da danshi

Duk wanda ya daɗe yana koyar da yara lesin a Agege, Idi-Araba ko Mile 12 ya san cewa ƙanƙantar ɗaki ba ita ke hana karatu ba. A gidan hayan nan na ɗakuna jere suna fuskantar juna, inda ɗaki ɗaya ne falo, shi ne uwar ɗaka, ƙafa uku na jikin bango sun isa. Abin da ke kayar da mai shirin WAEC ko JAMB shi ne duhu, zafi da danshi.

A fara da tebur. A gaya wa kafinta tsayi inci 30, faɗi inci 36, zurfi inci 20, kujera kuma inci 17 zuwa 18 daga ƙasa. Idan yaro ɗan firamare ne ƙafarsa na reto, a sa masa bulo ko ɗan akwati ya taka, in ba haka ba minti goma zai fara mutsu-mutsu. Inda babu fili, a yi allon da ake kafawa a bango da hinji, a naɗe shi idan za a shimfiɗa katifa. Kada a yarda da allon nan na garin katako da aka matse, ko da ya fi araha da kyan gani. Damina ɗaya a Legas zai sha laima ya kumbura, ƙusoshin su saki. Katako na gaske ko filawud mai kauri, a shafe shi da fenti har gefuna.

Danshi shi ne abin da baƙo daga Kano ko Sakkwato ba ya zato. A Arewa ƙura ce abokiyar gaba, nan kuwa daga Afrilu zuwa Yuli, musamman Yuni, littafin da aka jingina da bangon da ruwa ke duka sai ya yi fumfuna, takardu su manne, tawada ta yi jirwaye. Kantar littattafai ta kasance aƙalla ƙafa biyu daga ƙasa saboda ambaliya, a bar tazarar inci biyu tsakaninta da bango. Kwali kuwa gidan kyankyaso ne da gara. Takardar haihuwa, sakamakon jarrabawa da katin shiga jarrabawa su shiga leda, a saka su cikin roba mai murfi.

Sai haske. Ƙwan lantarkin da ke rataye a tsakiyar silin yana bayan mai karatu ne, don haka inuwar kansa ke sauka a kan littafi. Fitila ta zauna a kan tebur, ta hagu ga mai rubutu da dama, ta dama ga bahago. Ba a dogara da NEPA. Ƙaramar fitilar LED mai wat 3 da ake jonawa da fawa-bank mai 10,000mAh za ta kai awa takwas, mai wat 5 kuma awa biyar zuwa shida. Fitilu masu caji na araha suna saurin mutuwa ne don ana barin batirin ya ƙare ƙurmus ya kwana biyu a haka. Da an kawo wuta a jona. Tocilan waya ba fitilar karatu ba ce, haskenta na kashe ido a kan farar takarda, ga kuma WhatsApp a tafin hannu.

Maganar janareta ta fi duk waɗannan nauyi. Yaro ya zauna kusa da taga don ya sha iska, maƙwabci ya ta da ƙaramin janaretansa a baranda. Bayan rabin awa yaron ya dafe goshi ya ce, “Baba, kaina na ciwo,” ko ya kifa kai a kan littafi, sai a ce lalaci ne. Sau da yawa hayaƙin ne, domin gubar da ke cikinsa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. Janareta ya kasance a waje, kimanin ƙafa 20 daga taga da ƙofa. Idan gidan bai ba da wannan tazara ba, a ɗauke teburin daga tagar, kuma a yi wa maƙwabci magana da lalama, tun kafin dare ya yi.

Fanka ta riƙa bugowa daga gefe, can ƙasa wajen ƙafafu: tana korar sauro, ba ta watsa takardu. Maganin sauro na hayaƙi a rufaffen ɗaki yaji yake sa wa ido.

Hayaniyar motocin haya na danfo da lasifika ba ta da magani sai zaɓen lokaci. A Legas gari ba ya wayewa sai wajen ƙarfe shida da rabi zuwa bakwai, saboda haka daga sallar Asuba akwai kusan awa guda mai sanyi, yawancin janareta a kashe. Lissafi da duk darasi mai wuya a ajiye su nan, a jera littafin da biro tun da dare, fitila cike da caji.