Yadda Ɗanyen Mai Ya Koya Mini Auna Iyakar Asara

A Jidda nake zaune, da rana ina shagon turare, da yamma in buɗe kwamfuta in yi cinikin kwangilar ɗanyen mai ta gaba, wato yarjejeniyar saye ko sayar da mai a farashin da aka yanke yau don wata rana mai zuwa, wadda Larabawa ke kira uƙudul ajila. Ƙaramar kwangilar kasuwar Amurka nake taɓawa, mai ganga 100, wadda aka fito da ita a 2021. A cikinta duk santi ɗaya da farashi ya motsa, dala ɗaya ce ta shigo ko ta fita.

Da na fara, dokata ɗaya ce: iyakar asara, wato inda ciniki zai rufe da kansa in farashi ya juya mini baya, santi 30, wurin ɗaukar riba santi 60, ko wace rana. Watanni aka yi lafiya. Sai Maris ɗin 2022 ya zo, yaƙin Rasha da Yukiren ya hargitsa kasuwa, har gangar Biren, man da ake auna farashin duniya da shi, ta kusa dala 140. A mako guda sau bakwai aka fitar da ni. Abin da ya fi ƙona mini rai, a biyar daga ciki farashin ya juyo ya tafi inda na hango, ni kuwa ina waje. Santi 30 a lokacin bai kai motsin minti biyar ba.

Yayana da ke Makka na kai wa kuka. Ya ce, "Ƙanena, kai aljihunka ka auna, ba ka auna kasuwa ba. Daidai ruwa, daidai tsaki." Shi ya nuna mini ATR, ma'aunin da Welles Wilder ya fitar a 1978, mai nuna matsakaicin tazarar da farashi ke kai-komo cikin zango 14 na baya, kamar awa 14 ko kwana 14.

Yanzu ga lissafina. Ba na yarda in rasa fiye da riyal 750, wato dala 200, a shiga ɗaya. Ina duba ATR na awa, in ninka biyu. In santi 25 ne, iyakata santi 50, sai in ɗauki kwangila huɗu. In ya kai dala ɗaya, iyakata dala biyu, kwangila ɗaya tak. Nan mutane ke faɗawa rami: su faɗaɗa iyaka, su bar yawan kwangila yadda yake, asarar ta ninka huɗu. Riba ma da ma'aunin nake binta, wajen ninki uku zuwa huɗu. Kasuwa na barci, ba na zaman jiran dala guda.

Kafin kowa ya sa sisi, ya je wurin malaminsa, domin malamai da yawa ba su halatta wannan ciniki ba, kuma ban ɗauki maganarsu da wasa ba.

Akwai abin da ATR bai gani. Harin Buƙaiƙ, babbar cibiyar sarrafa mai ta Saudiyya, ranar Asabar aka kai shi, 14 ga Satumba 2019, kasuwa a rufe. Da aka buɗe, Biren ya yi tsalle kusan kashi 20 cikin ɗari, ya haye kan iyakar duk wanda ya sayar da tsammanin farashi zai faɗi. Shi ya sa ranar Juma'a da dare nake rufe komai. Ranar Laraba kuma, lokacin da Amurka ke fitar da rahoton man da ke ajiye, wajen magariba a nan, kallo kawai nake yi sai ƙura ta lafa.