65 da 'A'

Abin da ya tsaya min a rai yau ƙarami ne, har ina jin kunyar rubuta shi. Kwamfailata, wato manhajar da ke fassara shirin da mutum ya rubuta zuwa abin da kwamfuta ke ganewa, ta bar 65 ta shiga sau biyu.

Akwai wani ɗan yaren shirya kwamfuta da nake ginawa tun bayan Babbar Sallah. Makon jiya na gama sashen switch, inda shiri ke duba lamba ya zaɓi aiki ɗaya cikin jerin zaɓuɓɓuka da ake kira case, na sa masa mai gadi: in case biyu suka zo da abu ɗaya, a tsayar da aiki a nuna layin. Na gwada 3 da 3, ya kama. Na gwada 10 da 10, ya kama. Har na fara hura hanci. To da safen nan muna cin tamis da ful ɗin da Auta ya siyo, Yaya ya jawo kwamfutar ya buga layi biyu da hannun hagu, na dama yana cikin kwano. Na farko case 65, na biyu case 'A'. Shiru kake ji. Ta haɗa shirin lafiya lau.

"Ke rubutun kike kwatantawa," in ji shi. Kuma haka ne. A jadawalin ASCII, wanda ke ba haruffa lamba a kwamfuta, lambar harafin A ita ce 65, amma mai gadina tufafi yake dubawa. Don cin fuska Yaya ya ƙara 0x41, wato 65 ɗin a wata hanyar rubuta lamba, ya ƙara 60 + 5. Mutum ɗaya ya sauya riga sau huɗu, duk ya wuce ta ƙofa ana yi masa sannu da zuwa.

Da ya tsaya nan da na haɗiye. Sai yana wanke hannu ya ce, "Ni fa ban ga abin tayar da jijiyar wuya ba. Yaren JavaScript ko uffan ba ya cewa. Na farko ya ci, magana ta ƙare." Na ce, "Haba Yaya, ai shi ya sa ESLint, manhajar duba kurakuran JavaScript, ta yi wa abin doka tasa daban." Kwamfailocin yaren C, GCC da Clang, ba sa yarda, yaren Java ma haka, Go ma in lamba tsayayya ta maimaitu sai ta ƙi. Kuma suna da hujja. Sau da yawa kwamfaila tebur take ginawa, kowace lamba da inda za a dira, babu yadda lamba ɗaya za ta nuna gida biyu. Ballantana wanda ya maimaita case galibi kwafo layi ya yi ya manta bai sauya lambar ba. Na biyun yana nan zaune da aikinsa cif, ba ranar da za a kira shi, ba kuma wanda zai gaya maka. Ya ce, "Kin fi ni baki," ya ɗauki jaka ya tafi kama jirgin ƙasan Jidda.

Gyaran ya ci min wuni. Sai an fara lissafa kowane case ya koma lamba tsirara, a juya shi zuwa nau'in abin da ake gwadawa, sannan a kwatanta. Juyawar nan ce ta kusa sa ni kuka: a lamba mai bit 32 (gurabe 32 na 0 ko 1) marar alamar ragi, -1 da 4294967295 abu ɗaya ne. Da farko na sa kowa ya gaisa da kowa, sai na lissafa case 1000 zai ci kwatanci 499,500. Na goge. Na jera su daga ƙarami zuwa babba, kowa ya dubi maƙwabcinsa kawai. Kafin la'asar 'A' ta shiga hannu, saƙon kuskuren yana nuna layi na biyu da na farkon da ya riga shi.

 

Bayan magariba Umma ta miƙo min tsohon littafinta, wai in shigar mata da sunayen waɗanda za a kai wa atamfar bikin 'yar Goggo a waya. Ina cikin bugawa na ga "Hajiya Ƙarama", can ƙasa kuma "Inna ta Shara Mansur". Na fashe da dariya, kaina na cike da aikin yau. Na ce, "Umma, kin maimaita. Ai mutum ɗaya ce."

Ba ta yi dariya ba. Ta karɓi littafin ta kai shi kusa da ido. Ashe daga jerin bikin Yaya take kwafowa. A lokacin wadda ake kira Inna yayar Umma ce, mai rasuwa. Bayanta ne yara suka koma kiran Hajiya Ƙarama da sunan, har muka saba.

Na sa yatsa zan goge. Ta ce, "Bar shi tukuna."

Na tura wa Yaya hoton saƙon kuskuren tun ɗazu, ya gani bai ce komai ba. Jerin Umma kuma na adana shi yadda yake, turmi biyu zuwa Shara Mansur.