Jirgin 'Yan'uwa Biyar a Bakin Ruwan Bafalo

Ranar da na fara ganin jirgin, nutsewa yake yi. Tsakiyar watan Afrilu ne na 2022, muna cikin azumi, wata biyar ke nan da saukata a birnin Bafalo na jihar New York. Na tashi daga aikin dare a wani ɗakin ajiyar kaya, barci ya ƙi zuwa, sai na hau jirgin ƙasa na cikin gari har ƙarshensa a bakin ruwa, don kawai in rage tsawon wuni. Can na tarar da jama'a sun yi cirko-cirko cikin iskar da ke kaɗowa daga tafkin Erie, suna kallon wani dogon jirgin yaƙi ruwan toka da ya karkace gefe guda, ruwa ya hau bayansa, injina suna ta zuƙe ruwan da ya shiga cikinsa. Wata tsohuwa kusa da ni tana share hawaye. Na yi mamaki ƙwarai, domin a idona tsohon ƙarfe ne kawai.

A lokacin ban san kowa ba a garin in ban da abokan aiki da mutanen masallacin unguwarmu, waɗanda yawancinsu 'yan Bangaladash ne da Yaman da Somaliya. Na iya hanyar bas, na iya sayen abinci, na koyi sa riga uku kafin in leƙa waje. Amma garin kansa a rufe yake gare ni. Ban san abin da ke sa mutanensa dariya ba, balle abin da ke sa su kuka.

Wani dattijo da muke aiki tare, wanda ya yi soja a ƙuruciyarsa, shi ya warware mini zancen a lokacin hutun tsakar dare. Sunan jirgin The Sullivans, kuma sunan wasu 'yan'uwa biyar ne, uwa ɗaya uba ɗaya, daga garin Waterloo na jihar Iowa: George da Francis da Joseph da Madison da autansu Albert. Babban shekararsa 27, autan 20, shi kuma har ya yi aure da ɗa ɗaya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka da ke Hawaii, a Disambar 1941, inda wani abokinsu ya mutu a jirgin Arizona, sai suka tafi tare a farkon Janairun 1942 suka shiga sojan ruwa, da sharaɗin kada a raba su. Akwai ƙa'idar raba 'yan gida ɗaya, amma ba a tsananta ta ba. Aka sa su duka a jirgin Juneau.

Ranar 13 ga Nuwamban 1942, a yaƙin da aka gwabza kusa da Guadalcanal, wani tsibiri a tekun Pasifik, wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan ya harbi Juneau, wanda dama ya riga ya ji rauni a daren. Ya fashe, ya nutse nan take. Kusan mutum ɗari sun rage a kan ruwa da rai, amma ba a zo ɗaukarsu ba sai bayan kwana takwas. Rana da ƙishirwa da manyan kifaye masu cin mutum suka ƙarar da su, goma kacal aka tsamo. Mutum 687 suka halaka. George, babban yayan, yana cikin waɗanda suka yi kwanaki a kan ruwa kafin shi ma ya tafi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne uwarsu, Alleta. Wata biyu ba wanda ya gaya mata komai. Wasiƙu suka daina zuwa, jita-jita ta fara yawo a gari, har ta zauna da hannunta ta rubuta wa hukumar sojan ruwa takarda tana roƙon a faɗa mata gaskiya. A Janairun 1943 jami'ai suka zo gidan da safe, uban yana shirin fita aikinsa na jirgin ƙasa. Ya tambaya wanne ne daga ciki. Aka ce masa duka biyar ɗin.

Wata uku bayan haka, ranar 4 ga Afrilun 1943, ita ce ta tsaya a San Francisco aka tura sabon jirgi cikin ruwa da sunan 'ya'yanta, jirgin sojan ruwan Amurka na farko da aka raɗa wa sunan fiye da mutum ɗaya. Irin jiragen nan ne masu gudu da ke yi wa manyan jirage rakiya, suna farautar na ƙarƙashin ruwa suna kakkaɓo na sama. Tsawonsa ya kai kusan mita 115. Ya yi yaƙin Japan, ya yi na Koriya, aka sallame shi a 1965, sannan a 1977 aka ba birnin Bafalo shi ya zama gidan tarihi. Tsatsa da tsufa ne suka huda cikinsa ranar da na gan shi a karkace, kuma cikin 'yan makonni aka toshe ramukan aka ɗago shi.

Da aka sake buɗe shi na biya kuɗi na hau. Ina tsaye kusa da bututun hayaƙinsa, inda aka zana koren ganye mai kunne uku na mutanen Ireland, asalin kakanninsu, sai na tuna ƙanen kakana. Shi ma Yaƙin Duniya na Biyun ne ya ɗauke shi, cikin sojojin Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka kwasa zuwa Burma, su ma Japanawan suka je yaƙa. Bai dawo ba. Babu jirgi da sunansa, babu ko lungu. Kakata ce kaɗai takan ambace shi in ana sadaka. Ban ji haushin mutanen Bafalo ba, na ma ga sun kyauta. Abin da ya dame ni shi ne na san sunayen 'ya'yan wata mata a Iowa su biyar a jere, ban san inda aka binne namu ba.

Tun daga ranar garin ya ɗan buɗe mini. Da aka yi muguwar guguwar ƙanƙara a Disambar 2022, wadda ta kashe mutum sama da arba'in a yankin, ni da maƙwabcina muka wuni muna haƙa hanya zuwa ƙofar wata gyatuma da ke zaune ita kaɗai. A da ko gaisuwa ba ma yi sai ɗaga hannu.

Mu huɗu ne maza a wurin Innarmu. Yayana yana Jidda, mai bi mini yana Legas, ni ina nan, auta ne kawai a gida, kuma ya matsa mini in nema masa hanya ya biyo ni. Wata Juma'a na kira ta, na ba ta labarin jirgin tun daga farko. Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Can ta ce, "Su biyar? Ita kuwa tana raye?" Na ce ta rasu tun 1972. Ta ce, "Shekara talatin tana ɗauke da wannan. Kai, duniya."

Sai ta ƙara da cewa, "Ka ji, maganar auta a bar ta tukuna. Ku bar mini ɗaya in riƙa jin motsinsa a tsakar gida."

Na ce, "To, Inna." Takardun da na fara cika masa suna nan cikin aljihun tebur, ban sake taɓa su ba.