Shawara ga Matasa Masu Inganta Irin Waken Masar

Abin da zan fara ja muku kunne a kansa shi ne zaɓen tsiro ɗaya tak saboda yawan ƙwayar da ya bayar. Na yi hakan a zuriya ta biyu bayan haɗin iri, wadda ake kira F2, inda na bi gona ina ɗaura zare a kan duk tsiron da ya fi rassa da kwanso, ban lura ba cewa mafi yawansu suna bakin fegi ne, ko kuma kusa da gurbin da shuka ba ta fito ba. Waken Masar yakan baje rassa idan ya sami sarari, saboda haka abin da na ɗauka gado ne ashe yalwar fili ce da ragowar ƙarfin zuriya ta farko. Da aka shuka 'ya'yansu a tazara ɗaya da sauran, sai fifikon ya ɓace.

A zuriyoyin farko, ku zaɓi halayen da ba su cika sauyawa daga uwa zuwa 'ya'ya ba, kamar lokacin fure, girman ƙwaya da launinta, da juriya ga cutar Fusarium mai ƙeƙasar da tsiro. Hukunci a kan yawan amfani kuwa, ku jinkirta shi zuwa zuriya ta huɗu ko ta biyar, lokacin da za ku iya gwada kowane layi, wato zuriyar da ta fito daga tsiro ɗaya, a fegi fiye da ɗaya, a wurare daban-daban, da sanannen iri a gefe domin kwatanci.

Na kuma raina ƙudan zuma. Ko da yake furen waken Masar yana iya barbarar kansa, ƙwari sukan ɗauko ƙurar wani tsiro su kawo masa, har barbarar waje takan kai kashi 20 cikin 100 ko fiye. Na bar zaɓaɓɓun tsirrai a buɗe, kuma da damina ta zagayo sai ga layi ɗaya ya fito da fure ruwan ɗorawa zalla da mai jan zane, dogo da gajere, babu hanyar sanin uban kowanne. Ku rufe reshe da jakar yadi mai shara-shara, ko ku lulluɓe fegin da raga, tun kafin fure ya buɗe. Wannan ɗabi'a ta ƙwari ita ce cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Indiya ta mayar riba wajen samar da haɗaɗɗen iri na ICPH 8 a 1991, da ICPH 2671 a 2010.

Wajen haɗin iri da hannu, ku tabbata kun cire dukkan mazajen furen guda 10 da hantsaki kafin su fashe. Ku haɗa furanni da yawa, domin mafi yawansu kan zube ba tare da sun ɗaura kwanso ba, kuma idan iyayen sun bambanta a lokacin fure, ku shuka mai saurin a matakai domin furensu ya zo tare.